Yadda na gano abin da ke sa motata zafi a cunkoso

Corolla ce tsohuwa. A hanyar Bauchi zuwa Alkaleri allurar zafi tana zaune lafiya lau, amma da zarar na maƙale a shataletalen Wunti da rana sai ta fara hawa. Wannan bambancin ne ya nuna mini hanya. Idan mota tana gudu, iska ce ke sanyaya lagireto. Idan ta tsaya, aikin fanka ne.

Duk da haka na fara da abubuwa masu sauƙi, da sassafe inji na sanyi, domin buɗe murfin lagireto da zafi na iya ƙona fuska. Ruwa cike yake, babu ɗigo a ƙasa. Na zaro sandar mai, baƙinsa na nan, bai koma kamar shayi da madara ba, kuma ruwan ba ya kumfa. Alamar gaskit, wato shimfiɗar da ke hana ruwa da mai haɗuwa a cikin inji, lafiya ke nan, hankalina ya kwanta.

Sai na tayar da inji na kunna AC, wanda ya kamata ya sa fanka juyi, amma fanka ko motsi. Fiyus bai ƙone ba. A akwatin fiyus na cire rilen fanka, wato makunnin da ke ba ta wuta, na sa na hon, tunda lambarsu ɗaya. Nan take fanka ta kama juyi.

Wani makanike ya ce, "Alhaji, a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye." Na ƙi, domin tamostat ne ke tsare ruwa har inji ya kai zafinsa. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan fetur fiye da kima. Sabon rile na saya, na mayar wa hon nasa.