Yadda ake gane dardumar Farisa ta hannu, da yadda ake kula da ita a Yamai

A Tehran, babban birnin Iran, wato Farisa ta dā, akwai gidan tarihi na darduma zalla, wanda aka buɗe a 1978 kusa da lambun Laleh. A can ake ajiye aikin masaƙan biranen Iran irin su Tabriz, Kashan, Isfahan da Kerman. Mu a nan Yamai kuwa, ba duk wadda aka ce maka "ƴar Iran ce" a kasuwa ko cikin tsarabar alhazai ba ce saƙar hannu. Kafin ka ƙirga kuɗi, ka ce a kifa maka ita.

A bayanta gaskiya take. Ta hannu, zanen da ke fuska yana fitowa rangaɗau a baya, ƙulli bayan ƙulli, kuma layukan sukan ɗan karkace. In ka ga komai ya tafi ɗoɗar ba kuskure ko ɗaya, ko an shafe bayan da roba, aikin inji ne. Sai ka duba geza. A ta hannu, gezar bakin zaren tsaye ce da aka ƙulla dardumar a kansa, ba ɗinka ta aka yi daga baya ba.

Daga nan ka ƙirga ƙulli. Masaƙan Tabriz suna auna yawansa cikin santimita 7, suna kiran awon "raj". Mai raj 50 tana da ƙulli kusan 7 a kowace santimita, wato wajen 500,000 a murabba'in mita. Amma kada yawan ƙulli ya rufe maka ido: saƙar makiyaya irin su Ƙashƙa'i ba ta da cikar ta birni, kuma tana da darajarta. Haka in launi ɗaya ya ɗan sauya a tsakiyar fili, ba aibi ba ne, ulun ne ba a rina shi a tukunya ɗaya ba.

In an ce siliki ce, ka ƙona ɗan zare guda. Na gaske ƙaurin gashi yake yi, na jabu ƙaurin takarda. Ka kuma goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan ja. In ya kama launi, ranar wanki za ta zuba.

A gida, ƙurar hunturu ce babbar matsala. Rairayin yana shigewa gindin ƙulli, ana takawa yana yanka ulun. Ka riƙa shara da tsintsiya mai laushi, kana bin kwanciyar gashin, duk wata ka kifa ta ka kakkaɓe a hankali. Ka juya ta duk wata shida, don rana da sawu kada su cinye gefe ɗaya. Wanki da ruwan sanyi da sabulu marar kaifi, ban da ruwan jabel, shanya kuma a inuwa, a shimfiɗe.

In za a adana ta, a naɗe ta kamar tabarma, kada a ninke, a rufe da zanen auduga. Leda tana riƙe laima, da damina ta yi hunhuna. A ɗora ta a kan abu mai tsayi saboda gara, a riƙa warware ta ana duba asu.