Yadda Ake Lissafa Nisa da Tsawon Lokacin Tafiyar Jirgin Sama Daga Accra Zuwa Kano

Duk mai shirin tashi daga Accra zuwa Kano, ko don fatauci ko don sada zumunci, yana bukatar sanin sa'o'in da tafiyar za ta ci, domin da wannan lissafi ne zai gaya wa masu tarbarsa lokacin da za su fito.

Da farko a nemi nisan ta sama, wanda ya bambanta da na hanyar mota, domin jirgi miƙewa yake yi. Tsakanin Accra da Kano akwai kimanin kilomita 1,200. Idan shafin intanet ya ba da nisan da mil, a ninka shi da 1.6 don a sami kilomita.

Daga nan sai a raba nisan da gudun jirgi. Manyan jiragen fasinja suna cin kilomita 800 zuwa 900 a sa'a bayan sun daidaita a sama, saboda haka kilomita 1,200 za su ɗauki kusan sa'a ɗaya da rabi. A ƙara kamar minti 30 na tafiya a kan titin jirgi da hawa da saukowa. Wannan ƙari shi ya sa tafiyar Accra zuwa Kumasi, wadda ba ta wuce kimanin kilomita 200 ba, take cin wajen minti 40.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi rikita matafiya, kuma a ganina shi ya fi cancantar natsuwa. Lokacin da aka rubuta a tikiti na agogon garin da aka ambata ne. Ghana tana kan agogon GMT, Najeriya kuwa tana gaba da sa'a ɗaya. Idan tikiti ya nuna tashi daga Accra da ƙarfe 9 na safe da sauka a Legas da ƙarfe 11, to sa'a ɗaya kawai za a yi a sama, ɗayar ta bambancin agogo ce. A dawowa kuma mutum zai iya barin Legas da ƙarfe 11 ya sauka Accra agogo yana nuna 11 ɗin.

Sai batun ya da zango. Galibi mai zuwa Kano daga Accra yana bi ta Legas ko Abuja ne, kuma a Legas dole ya wuce jami'an shige da fice, ya karɓi kayansa, sannan ya koma ɓangaren jiragen cikin gida, wanda yake a wani gini dabam. Ina ba da shawara ƙwarai kada a bar ƙasa da sa'o'i uku tsakanin jiragen biyu, musamman ga dattawa da masu ɗauke da yara. Daga Legas zuwa Kano kuwa kimanin sa'a ɗaya da rabi ne.

A haɗa duka da sa'o'i ukun da ake son fasinja ya isa filin jirgi kafin tashi, da cunkoson motoci daga unguwannin Accra irin su Nima ko Madina, za a ga tafiyar da take sa'o'i biyu a lissafi ta cinye yini guda. Tsakanin Disamba da Fabrairu kuma hazon hunturu yakan jinkirta sauka a Kano, don haka mai ɗaurin aure ko wani muhimmin taro a wannan lokaci ya tashi tun ana saura kwana biyu.