Abin taɓawa ga wanda ya fara allurar insulin

Jama'a, ga wanda likita ya ɗora kan allurar insulin kwanan nan, abin taɓawa iri biyu ne, kada a haɗa su.

Na farko shi ne na ko-ta-kwana. Idan ka ji jiki na rawa, ga zufa da yunwa farat ɗaya, ko na'urar gwajin sukari ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, sukari ya faɗi. Sha rabin kofin lemon kwalba mai sukari, ko ka dama sukari ƙaramin cokali uku a ruwa. Jira minti 15 ka sake gwadawa, in bai tashi ba ka ƙara. Cakulan ba ta da sauri a nan, man da ke cikinta yana jinkirta ta. Ni dai ina ganin gara alawa ta zauna a aljihu, wata kuma a gefen gado. Wanda ya suma kuwa kada a ɗura masa komai, sai asibiti.

Na biyu na tsakanin abinci ne: gyaɗa cikin tafin hannu, dafaffen ƙwai, awara, tsire, kokwamba, ko kindirmo marar sukari. Fura, kunu, alkaki da cincin suna ɗaga sukari sosai. Dabino ma, uku kacal na iya motsa na'ura.

Masu yin allurar Mixtard (wani nau'in insulin) safe da yamma galibi suna bukatar ɗan abu da hantsi da kafin barci. A tambayi likita yadda naku tsarin yake.