Yadda Ake Zuwa Kallon Tsuntsaye a Dausayin Haɗeja Daga Kano

Ruwan da ke cika dausayin Haɗeja da Nguru, da yawansa daga jihar Kano yake fitowa. Kogin Kano da kogin Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya gangara gabas ya tarar da kogin Jama'are, su bazu cikin fadamu. Shi ya sa nake ganin bai kamata Bakano ya tsufa bai taɓa zuwa ya ga inda ruwan ƙasarsa yake kwana ba.

Da farko ka zaɓi lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai suke sauka, su tarar da namu na gida: dinya, kirinjijiya, zalɓe da belbela. Da damina hanyoyi kan yanke, in kuma bazara ta yi nisa ruwa ya janye, baƙin sun koma.

Sai ka yanke inda za ka. Mafi kusa shi ne Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta jihar Jigawa, wurin da aka sanya cikin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, ta kare dausayoyin duniya, a 2008. Mai son ƙara gaba sai ya nufi Dagona a jihar Yobe. Ka hau motar Haɗeja a tashar 'Yankaba, ka kwana a Haɗeja. Kwanan nan ba ɓata lokaci ba ne, domin kallo na gaskiya tsakanin asuba da hantsi ake yinsa. Wanda ya taso daga Kano da safe, rana tsaka zai isa, tsuntsaye duk sun lafe.

Da ka isa, kada ka zarce bakin ruwa. Ka fara gaida mai unguwa da ma'aikatan gandun daji da ke kula da wurin, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da ɗan gari. Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci a wurina. Masunci ya san mashigar da ciyawar kachalla ta toshe da wadda ke buɗe, ya san tafkin da agwagi suka kwana, kuma yakan gane tsuntsu da kukansa tun ba ka hango shi ba. Ku yi cinikin kwalekwale kafin ku shiga. Ka kuma ja shi da hira. Tambaye shi, "Baba, yaya ambaliya take a da?" Zai ba ka labarin yadda ruwa ya sauya tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992.

Guzuri kaɗan ne: madubin hangen nesa ko da na aro, rigar sanyi saboda hunturu, ruwan sha, gidan sauro. Ka sa tufafi masu duhun launi, farar shadda daga nesa tsuntsu ke hango ta.

A cikin jirgi ka zauna, kada ka miƙe don hoto, kuma kada a yi lodi fiye da kima. Ka bar rana a bayanka don ka ga launin fukafukai. A rage murya, a kashe ƙarar waya. Yara kada su shiga ruwan da ba ya gudu, akwai tsargiya. Danƙo da bindiga a bar su a gida, ledar ruwa da robar lemo kuma ka dawo da su cikin jakarka.