Yadda ɗalibi mai koyon malanta zai riƙe kansa a lokacin gwajin koyarwa

Kowace shekara ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da na Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna bazuwa cikin makarantun firamare da sakandare na Sakkwato domin gwajin koyarwa, wanda aka fi sani da TP. Da yawansu suna ɗaukar wannan lokaci a matsayin zaman jiran ranar da malamin da zai ba su maki zai shigo aji, alhali kuwa yaran da aka damƙa musu karatun gaske suke yi, kuma babu wanda zai dawo ya maimaita musu babin da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Saboda haka, tun daga ranar da ka miƙa takardarka ga shugaban makaranta, ka ɗauki kanka malami mai cikakken nauyi, ko da ba a biyan ka albashi.

A makon farko ka nemi malamin da ke riƙe da darasin da aka ba ka, ka gaishe shi da girmamawa, ka roƙe shi manhaja da tsarin aikin zango, sannan ka tambaye shi inda ya tsaya. Ka nemi izinin zama a bayan aji ka ga yadda yake buɗe darasi da yadda yake kwantar da surutu, domin wannan sani ne da laccar kwaleji ba ta bayarwa. Ka iso kafin a yi layin safe, ka sa hannu a rajista da kanka, ka yi shiga ta kamala.

Tsarin darasi ana rubuta shi ne kafin a shiga aji, a kai wa malamin darasi ya duba, ba a bari sai an ji labarin mai duba aiki, wato malamin da zai ba ka maki, yana hanya. Ka sa manufa guda da za a iya gwadawa a ƙarshen minti 40, ka kuma tuna cewa ajin da aka shiga da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ba zai jure dogon bayani ba. Ka ɗauko misalai daga abin da yaran suka sani: farashin buhun albasa a lissafi, Gulbin Rima da madatsar ruwa ta Goronyo a labarin ƙasa, Hubbare da 'Yan Taru (tsarin karantar da mata) na Nana Asma'u a tarihi.

Inda aka fi samun tuntuɓe shi ne mu'amala da ɗalibai, musamman a babbar sakandare, inda tazarar shekarunka da nasu ba ta da yawa. Kada ka karɓi lambar wayar ɗalibi ko ɗaliba, kada ka yi hira da su a WhatsApp, kada kuma ka keɓe da ɗaya daga cikinsu a ofis ko a ajin da babu kowa. Idan akwai abin da za ka yi wa gyara, ka yi shi a inda idon jama'a yake. Kyauta daga ɗalibi, komai ƙanƙantarta, tana ɗaure hannun mai gyaran jarrabawa, aiken yaro sayen abinci ana cikin darasi kuwa cin lokacinsa ne. Bulala ba taka ba ce, ko da ka ga wasu suna ɗauka. Laifin da ya fi ƙarfin nasiha ka kai shi ga malamin aji ko mai kula da ladabtarwa. Haka nan sirrin yaro, kamar rashin lafiya ko halin da gidansu ke ciki, bai kamata ya zama abin hira a ɗakin malamai ba. A ganina, wanda ya kiyaye wannan ɓangare ya fi wanda ya iya zuba Turanci a gaban allo cancantar a bar masa aji.

Domin ka ƙaru, ka tanadi ƙaramin littafi da za ka riƙa rubuta, bayan kowane darasi, inda yara suka gane da inda suka yi shiru, da tambayar da ta gagare ka amsawa, wadda ya kamata ka bincika ka dawo musu da ita washegari. Idan mai duba aiki ya yi maka gyara, ka saurara har ya gama, ka tambaye shi yadda shi zai yi a madadinka.

Kafin ka bar makarantar, ka miƙa wa malamin darasi makin ɗalibai da bayanin inda ka tsaya a rubuce, ka mayar da littattafan da ka ara. Bayan kammala karatu kuma ka shirya wa jarrabawar Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wato TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, domin ita ce ke ba da rajista da lasisin koyarwa.