Yadda Mai Bi Zai Kula da Ƙananan Shawarwarinsa na Yau da Kullum

Idan rayuwar mutum ta karkace, sau da yawa sai a ce ƙaddara ce, a rufe magana a nan. Mu masu bin Yesu Almasihu mun gaskata cewa Allah ne mai iko duka, har Ubangiji ya ce ko ɗan tsuntsu ba ya faɗuwa ƙasa ba tare da sanin Uba ba, amma Littafi Mai Tsarki bai ba mu izinin fakewa da wannan gaskiya ba. Manzo Bulus ya gargaɗi Galatiyawa a sura 6 aya 7 cewa ba a yi wa Allah ba'a, domin abin da mutum ya shuka shi zai girba. Shukar kuwa kullum ake yinta, da bakinmu da kuɗinmu da lokacinmu, kuma galibi a cikin abubuwan da muke ganin ba su kai a tsaya a yi tunani a kansu ba.

Abu na farko shi ne ka koyi duban inda mataki ya dosa, maimakon auna girmansa. Labarin Lutu ya isa misali. A Farawa sura 13, da Ibrahim ya ba shi zaɓin ƙasar da zai zauna da dabbobinsa, sai ya ɗaga ido ya ga kwarin Urdun mai yalwar ruwa, ya zaɓe shi, ya kafa alfarwarsa kusa da Saduma, birnin da ya yi suna wajen mugunta. Babu makiyayin da zai ga laifinsa, tun da dabbobi suna bukatar ruwa da ciyawa. Amma a sura 14 sai muka tarar da shi yana zaune a cikin birnin, a sura 19 kuma yana zaune a ƙofar gari, inda manya ke taruwa, kuma daga ƙarshe, da Allah zai halaka birnin, ya fita ba dukiya, matarsa ta halaka a hanya. Babu ranar da Lutu ya tashi ya ce zai zama ɗan Saduma. Matsowa ya riƙa yi kaɗan kaɗan. Saboda haka kafin ka karɓi wani aiki, ko ka ƙulla abota, ko ka saba da wani abu a wayarka, ka tambayi kanka inda za ka kasance idan ka ci gaba da tafiya ta wannan fuska har shekara 5.

Wannan duba yana bukatar lokaci na musamman, kuma dare ya fi dacewa. Kafin ka kwanta, ka ajiye waya nesa da hannunka, ka bi ranar daga safe zuwa yamma a gaban Allah, kana roƙonsa kamar yadda mai Zabura ya yi a Zabura 139 cewa ya bincike zuciyarka. Kada ka tsaya ga manyan laifuffuka kawai. Ka tuna da saƙon da ka goge don kada matarka ko mijinki ya gani, da kuɗin amana da ka taɓa da niyyar mayarwa a ƙarshen wata, da amsar da ka ba yaro a fusace alhali ba shi ne ya ɓata maka rai ba. Yahaya 12:6 ta faɗa mana cewa Yahuza Iskariyoti ne ke riƙe da jakar kuɗin almajirai kuma yakan ɗiba daga ciki, tun kafin a zo batun azurfa 30 da ya karɓa ya ba da Ubangijinsa. Da yayyafi kogi kan cika.

Mataki na gaba, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci, shi ne ka yanke shawara tun kafin jarraba ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daniyel yana saurayi aka kai shi bauta Babila, aka canza masa suna, aka sa shi a makarantar fada, kuma Daniyel 1:8 ta ce ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba. Bai yi tawaye ba, sai ya nemi alfarma cikin ladabi a gwada shi da abokansa da kayan lambu da ruwa kwana 10. Shekaru masu yawa bayan haka, a zamanin Dariyus, aka kafa doka cewa har kwana 30 kada kowa ya roƙi wani sai sarki, in ba haka ba a jefa shi kogon zakoki. Sura 6 aya 10 ta ce Daniyel ya shiga ɗakinsa na sama, tagogi a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau 3 a rana kamar yadda ya saba. Wannan kalma ta sabo ita ce sirrin labarin. Ranar da dokar ta fito Daniyel bai zauna yana sake-sake ba, domin gwiwoyinsa sun riga sun san hanya.

Ka ɗauki takarda ka rubuta abubuwa uku ko huɗu da ba za ka sake tattaunawa da zuciyarka a kansu ba. Wani zai rubuta cewa ba zai sa hannu a kan takardar da ya san akwai ƙarya a cikinta ba, ko da shugabansa ne ya miƙo masa alƙalami. Wata za ta rubuta cewa ba za ta buɗe waya da safe ba sai ta karanta Maganar Allah ta yi addu'a. Kada su yi yawa, domin wanda ya ɗaukar wa kansa alkawari ashirin a dare ɗaya yakan zubar da su duka kafin mako ya zagayo. Ka kuma faɗa wa wani ɗan'uwa amintacce a cikin ikkilisiya, ka ba shi izinin ya tambaye ka.

Akwai lokutan da bai kamata ka yanke wata babbar shawara ba sam, wato lokacin yunwa da gajiya da fushi. Isuwa ya dawo daga jeji a galabaice, ya sayar wa ƙaninsa Yakubu matsayinsa na ɗan fari saboda abincin zama ɗaya, kuma Ibraniyawa 12:17 ta ce daga baya ya nemi albarkar da hawaye bai samu ba. Idan ka rubuta saƙo mai zafi, yatsanka yana kan wurin aikawa, zuciyarka tana bugawa, ka ajiye shi har gobe. Magana zarar bunu ce. Manzo Yakubu, a wasiƙarsa ta Sabon Alkawari, ya ce mu yi saurin ji, mu yi jinkirin magana da fushi, ya kuma ce wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah, wanda yake bayarwa a yalwace ba tare da gori ba.

Ka kuma lura da waɗanda kake jin shawararsu. Rehobowam ɗan Sulemanu ya ƙi maganar dattawa ya bi ta tsararrakinsa, kabilu 10 suka balle daga gidan Dawuda. Mutumin da bai taɓa faɗa maka abin da ba ka so ji ba, bai isa ya zama mashawarcinka ba.

Kada ka zaci cewa ƙananan matakai suna kaiwa ga halaka ne kawai. Rut gwauruwa ce baƙuwa da ta fita kala a gona don ta ciyar da surukarta Na'omi, ba ta san cewa gonar Bo'aza, wanda zai aure ta daga baya, ta shiga ba, ba ta kuma san za ta haifi Obida kakan Dawuda ba, har sunanta ya shiga asalin Yesu a Matiyu sura 1. Aikin da ke gabanta ta yi da aminci, Allah kuma ya tsara sauran.

A nan dole a yi hattara da kuskure biyu. Ba kowace wahala ce sakamakon mugun zaɓi ba. Ayuba adali ne ya sha azaba, kuma da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba kuwa na iyayensa ba. Saboda haka kada ka ɗauki wannan ma'auni ka riƙa auna maƙwabcinka mai ciwo da shi. Na biyu kuma, kyawawan halaye ba su sayen ceto. Afisawa 2:8 zuwa 10 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, sa'an nan aka shirya mana kyawawan ayyuka mu yi tafiya a cikinsu, kuma Ruhu Mai Tsarki ne ke ba da ikon yin su.

To, idan ka riga ka yi mugun zaɓi fa? Kada ka ƙara wani a kansa don ka rufe shi, domin haka Dawuda ya yi, daga zina da Batsheba ya kai ga kisan mijinta Uriya, sai da annabi Natan ya tsaya a gabansa ya amsa laifinsa. Ka furta zunubin ga Allah da sunansa, kana dogara ga alkawarin 1 Yahaya 1:9 cewa shi mai aminci ne da zai gafarta. Bayan haka ka gyara abin da ke gyaruwa, kamar Zakka da ya yi alkawarin mayar da ninki 4 ga duk wanda ya cuta. Idan kuɗi ne, ka je wurin mai shi ka faɗa masa adadin da ranar da za ka fara biya. Idan magana ce ka ɓata sunan wani da ita, ka koma wurin mutanen da suka ji ta daga bakinka ka janye ta a gabansu.