Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa injin gudu a kan sabon bulok na baƙin ƙarfe

Wanda ya sayi sabon bulok (gangar jikin injin mota, inda ramukan silinda suke) na baƙin ƙarfe daga kamfani irin su Dart ko World Products, ko ya ɗauko LSX na Chevrolet ko Boss na Ford, yakan ji kamar rabin aiki ya ƙare. Jin hakan ba banza ba ne. Bangon silindar waɗannan buloka ya fi na motar asali kauri, samansu ma haka, marufan da ke riƙe kirankishaf galibi suna da noti huɗu-huɗu, kuma a da yawa daga cikinsu baƙin mai yana fara isa wurin kirankishaf kafin ya hau wajen kamshaf. Za su ɗauki ƙarfin da zai tsaga bulok ɗin masana'anta. Amma ƙarfin nan ba ya rufa wa kowa asiri. In awo ya kuskure, bulok zai tsira, fistin da metal (siraran ƙarafan da wuyan kirankishaf ke juyawa a cikinsu) da kwanrod su ne za su biya bashin.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar sabon bulok a matsayin wanda ya gama shiri. Yawancinsu ana turo su da ramin silinda a ɗan matse da gangan, domin mai injin gogewa ya ƙarasa shi daidai da fistin ɗin da za a saka. Ke nan fistin ne ke fara zuwa hannu, a auna kowane ɗaya, sannan a goge kowane rami a kan nasa. Wanda ya kai bulok aka goge masa tun fistin suna hanya, caca ya yi. A wannan zuwan ne kuma za a duba saman bulok ko ya yi daidai da layin kirankishaf, a auna ramukan metal ko a jere suke, a gwada ramukan tafet (ƙarafan da kamshaf ke turawa don buɗe bawul) ɗaya bayan ɗaya. Sabo ne, gaskiya, amma sabunta ba awo ba ce.

Sai gogewar kanta, inda mutane da dama ke son rage kashe kuɗi. Idan aka ɗaure tof silinda, wato murfin da ke rufe saman ramukan, a kan bulok, notunan suna jan ƙarfen, ramin ya ɗan lanƙwashe a kusa da kowane noti. Ido ba ya gani, amma ringi yana ji. Shi ya sa ake ɗaura wani faranti mai kauri a madadin tof ɗin, da irin gasket ɗin da irin notunan da za a yi amfani da su, a ɗaure da ƙarfin da za a ɗaure injin, sannan a goge. Da haka ramin zai zama zagayayye a lokacin da injin yake haɗe, ba lokacin da yake zaune tsirara a kan tebur ba. Wasu na cewa bulok mai kauri ba ya buƙatar wannan. Lanƙwasar tana raguwa, ba ta ɓacewa, kuma araha ba ta ado a nan. Ga wani abu kuma: ƙarfen waɗannan buloka yakan fi na masana'anta tauri, don haka dutsen gogewa da aka saba da shi zai iya barin bangon ya yi sulɓi fiye da kima, babu ƙananan kwarin da za su riƙe mai. Ringi ba zai zauna ba, inji ya dinga shan mai yana hayaƙi, a koma ana zargin kamfanin ringi. Ka tambayi mai gogewar ko yana da na'urar auna kaushin bango, kuma ya bi abin da masu ringin suka rubuta.

Akwai kuskuren da ake yi tun kafin a taɓa sifana, wato wajen odar kaya. Ƙaramin injin V8 na Chevrolet, wanda ya fito a 1955, ya isa misali. Na 350 (girman injin ke nan a inci kubik) yana da wuyan kirankishaf mai inci 2.45, na 400 kuma 2.65, kuma ana samun sabbin buloka da kowane ɗaya. Sil ɗin baya guda biyu ne a tsofaffi, daga 1986 ya koma guda ɗaya, kuma bakin kirankishaf ɗin ya bambanta. Tsayin saman bulok na asali inci 9.025 ne, amma akwai waɗanda aka ƙara wa tsawo, wasu ma an ɗaga mazaunin kamshaf sama don kwanrod ya samu hanya. Da zarar an ɗaga kamshaf, sarƙar taimin ta asali ba za ta kai ba. LSX kuma yana da gurbin noti shida a kewayen kowace silinda, alhali injin LS na asali huɗu gare shi, don haka wanda ke son cin moriyar shidan sai ya nemi tof ɗin da ke da su. Takardar da ke zuwa da bulok tana faɗin duk wannan. Ita ce aka fi jefarwa tare da kwali.

Ramukan notin tof ma suna kama mutane. A tsohon bulok na Chevrolet ramukan suna ɓullewa cikin hanyar ruwa, shi ya sa ake shafa wa zaren gam mai hana yoyo. A sabbin buloka da yawa ramukan toshe suke a ƙasa. In ka bar mai ko ruwan wanki a ciki, ko notin ya fi ramin tsawo, sifana mai auna ƙarfi za ta yi ƙaras, ka ɗauka ka ɗaure, alhali notin ƙasa ya tokara, bai danne gasket ba. Ka hure kowane rami da iska, ka zura notin da hannu ba tare da tof ba ka ga iyakarsa. In kuma gasket ɗinka mai ganyen ƙarfe hawa-hawa ne, yana son saman bulok da na tof su yi laushi sosai, ba ya yafe kaushi kamar tsohon gasket.

Yanzu ga inda injin ke rayuwa ko ya buga: tazara. Tsakanin metal da wuyan kirankishaf, ƙa'idar da makanikai suka daɗe suna bi ita ce inci 0.001 ga kowane inci ɗaya na kaurin wuyan, a ɗan ƙara kamar 0.0005 idan injin zai sha wuya. A wuya mai 2.45, ana maganar 0.0025 zuwa 0.003, wajen kaurin silin gashin kai. Ba a gane wannan da juya kirankishaf da hannu a ce ai yana tafiya sumul. Ana ɗaure murfin da metal a ciki, a auna cikin ramin da ma'auni mai agogo, a auna wuyan da maikiromita, a cire wannan daga wancan, a rubuta. Kuma kaurin man da za ka zuba ya bi wannan tazara: matsattsiya tana son mai tsinkakke, mai faɗi tana son mai kauri. Wanda ya canza notunan murfi zuwa sitod (sandunan ƙarfe masu zare a kai biyu) bayan an gama gyaran ramukan, ya sake aunawa, domin ƙarfin ɗauri ya canza, zagayen ramin ma zai iya canzawa.

Bakin ringi kuwa, nan ne masu turbo da naitiros (iskar gas da ake fesa wa inji don ƙarin ƙarfi) suka fi ƙonewa. Ringi yana kumbura da zafi. In tazarar bakinsa ta yi kaɗan, bakunan biyu su haɗe, ba shi da wurin zuwa, sai ya ɓalle gefen saman fistin. Injin da ke shaƙar iska da kansa yakan so kamar 0.0045 ga kowane inci na faɗin silinda. A rami mai 4.125, wajen 0.019 ke nan. Da turbo, ana hawa zuwa 0.006 ko sama, wato wajen 0.025. Tazarar da ta ɗan yi yawa asararta kaɗan ce, wadda ta yi kaɗan kuwa asarar inji ce, don haka in za a karkata, a karkata wajen faɗi. Ana saka ringin a raminsa, a daidaita shi da kan fistin, a auna, a goge bakin kaɗan-kaɗan daga waje zuwa ciki, a cire kaifin. Aiki ne mai gundura, ringi 16 a injin V8 ban da na mai, kuma babu gajeriyar hanya. Fistin ɗin ma iri biyu aka fi samu: alminiyam 2618 ya fi jure duka amma ya fi kumbura da zafi, yana son tazara mai yawa kuma yakan yi ƙara da sanyin safiya, 4032 ya fi natsuwa a motar yau da kullum. Ba a ba ɗaya tazarar ɗaya.

Dalilin sayen irin wannan bulok galibi shi ne ƙara girma. Rami 4.125 da kirankishaf mai tafiyar inci 4 yana mai da ƙaramin Chevrolet mai girman inci kubik 427. To, doguwar tafiya tana kai kafaɗar kwanrod kusa da ƙasan silinda, da gefen kaskon mai, da kamshaf kansa. Maganin shi ne haɗin gwaji: a haɗa, a juya a hankali, a duba ko'ina, a kwance. A ɗora ƙullin yumɓu mai laushi a kan fistin, a ɗaure tof, a juya sau biyu, a yanka shi a auna inda bawul ya danna. Abin da aka saba nema shi ne aƙalla 0.080 a bawul ɗin shiga, 0.100 a na fita. Tsakanin kan fistin da shimfiɗaɗɗen ɓangaren tof, da kwanrod na ƙarfe, 0.035 zuwa 0.045 ne ke taimakawa wajen hana ƙwanƙwasa, wato fashewar fetur ba bisa tsari ba a cikin silinda. Kuma kada a manta balansi: 400 na asali nauyinsa a waje yake, a kan fulawil da damfa, yayin da sabbin kirankishaf da yawa a ciki suke daidaita kansu. Haɗa wannan da wancan yana kawo girgizar da ke cin metal.

Wanki kuma, abin da ake barin wa yaron shago. Bayan gogewa, ƙurar dutse tana maƙale a bangon silinda, kuma fetur ko kananzir ba sa fitar da ita sosai. Ruwan zafi da sabulu da buroshi, a cire duk matosan hanyar mai a zura dogon buroshi, a busar da iska nan take, a shafa mai, domin baƙin ƙarfe kan fara tsatsa cikin mintuna. Sannan ka ɗauki farin ƙyalle, ka ɗiga masa man giya, ka goga cikin ramin. Zai fito da launin toka. Ka canza ƙyalle ka sake, har sai ya fito fari fat. Da ka gama, ka ƙirga matosan da ka cire, ka ƙirga waɗanda ka mayar. Sabbin buloka sukan fi na asali yawan ramukan mai, kuma guda ɗaya da aka manta a bayan sarƙar taimin ya isa ya sa allurar mai ta kwanta.

Kafin tayarwa, a tura mai ya zagaye injin har ya fito sama. Idan kamshaf ɗin mai tafet shafaffe ne, ba mai taya ba, yana buƙatar mai mai sinadarin zinki, kuma da ya kama a riƙe shi tsakanin juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti na tsawon minti 20 zuwa 30, ba a barinsa a sulo. Taimin ɗin wuta kuma a fara da ja baya, fetur ya ɗan yi yawa, a ƙara a hankali ana karanta fulogi. Ƙwanƙwasa ba ta san bulok ɗinka na tsada ba ne, fistin take huda wa. Bayan wannan zagayen farko, a juye man, a yanka filta a buɗe takardar cikinta a gaban haske. Ɗan ƙyalli mai laushi ba abin tashin hankali ba ne a sabon inji. In ka ga ɓarɓashi mai launin tagulla, metal ne ke ci, kada ka sake tayarwa sai ka sauke kaskon mai ka duba.